Accra Tana da Matuƙa, Rumfa da Ruwa Ne Babu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan hoton da kuka buga a shafin baya, na jerin gidajen jiragen tsere da ke bakin kogi a birnin Filadelfiya ta Amurka, da 'yan layukan da aka sa a ƙarƙashinsa cewa tseren jirgin ruwa wasan Turawa ne da masu hannu da shuni, bai shafe mu ba. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa ya ƙi haɗiyuwa a wurina, don ni haifaffen Sabon Zango ne a nan Accra, kafinta ne ni har ƙarfi ya ja baya, mahaifina kuma a bakin tekun Jamestown ya nemi abincinsa. Garin nan ya yi matuƙan da a ganina ba su da na biyu, jikokinsu kuma suna nan da ransu. Abin da ba a taɓa yi musu ba shi ne rumfa ta dindindin da ruwa mai tsabta.

Gidajen da ke cikin hoton na gan su ido da ido, lokacin da na je sunan jikata wurin ɗana da ke zaune a can. Guda 15 ne a jere a gaɓar kogin Schuylkill, wurin da suke kira Boathouse Row. Baƙi fitilun da aka zagaye gidajen da su tun 1979 suke zuwa kallo da dare. Ni kuwa da idon sana'a na je, ƙofofi da katakai na tsaya dubawa. Kowane gida ƙasansa dogon ɗaki ne, ƙofarsa na fuskantar ruwa. An kakkafa katakai a bango hawa-hawa, ana kifa jiragen a kai, filafilai kuma a jingine gefe guda. Daga bakin ƙofa daɓen katako ya gangara har kan ruwa, yadda samari za su ɗauko jirgi a kafaɗa su aje shi ba tare da ya gogi ƙasa ba. A bene ake canza kaya, a nan ake zaman shawara, a nan kofunan da kakanninsu suka ciyo suke, da hotuna da sunaye a jikin bango. Jirgin mutum takwas tsawonsa wajen mita 18 ne, amma nauyinsa bai kai kilo 100 ba, jikinsa kuma siriri ne ƙwarai. Irin wannan in ka bar shi a waje rana ta gasa shi, iska ta kifar da shi, ya tashi daga aiki. Saboda haka ɗakin dole ne. Adon da ake ɗauka a hoto daga baya ya zo.

Abin da hoton bai nuna ba shi ne, ba don wasa aka fara gyara wurin ba. Ruwan sha birnin yake nema. Wajen 1821 aka yi madatsar ruwa ta Fairmount saboda injinan da ke tura ruwa cikin gari, sai kogin da ke bayan madatsar ya kwanta lumui, tafiyar kilomitoci babu dutse babu gudu. Hukumar birni ta shiga sayen filayen gaɓa tana mai da su wurin shaƙatawa, don kada masana'antu su kafu a wurin su ɓata ruwan da jama'a ke sha. A cikin wannan fili samari suka fara kafa rumfunan katako. Ƙungiyar Bachelors ta kafu a 1853, Undine a 1856. A 1858 ƙungiyoyin da ke akwai suka shiga inuwa ɗaya mai suna Schuylkill Navy, wadda har gobe tana aiki, kuma babu hukumar wasannin sa kai da ta girme ta a Amurka. Vesper ta biyo baya a 1865. Can daga bisani hukumar da ke kula da filin ta ce ta gaji da tarkacen rumfuna, mai son zama ya yi ginin ƙwarai. Shi ya sa suka koma dutse da bulo, har Undine ta ɗauko Frank Furness, fitaccen mai zanen gine-gine na birnin, ya zana mata nata. A 1987 gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Kada kuma a zaci kogin nasu tsarkakakke ne tun fil azal. Ƙurar kwal daga mahaƙan da ke can sama ta baƙanta shi shekara da shekaru, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi gagarumin aikin yashe shi. Ko a 'yan shekarun nan laka ta taru a gaban gidajen har jirage na kafewa, ƙungiyoyin da jami'o'i da hukumar birni suka yi karo-karo aka soma yasa a 2020. A riƙe wannan, don zan dawo kansa: kullum da sassafe akwai mutane birjik a kan ruwan nan. In ya yi wari su ne farkon ji, kuma suna da bakin da hukuma ke saurara.

Inda marubucinku ya yi gaskiya shi ne batun masu kuɗi. Sai dai bai faɗi yadda aka yi wasan ya koma hannunsu ba. A Landan 'yan fito ne ke ƙetarar da mutane a kogin Thames tun gadoji ba su yawaita ba, talakawa ne masu neman na tuwo. Tseren da ya fi kowane daɗewa a can, Doggett's Coat and Badge, tun 1715 ake yin sa, kuma na samarin 'yan fito ne da suka gama koyon sana'a. Ladan jar riga ce da lambar azurfa a hannunta. 'Ya'yan manya daga baya suka shigo. Jami'o'in Oxford da Cambridge sun fara karawa a 1829, gasar Henley ta soma a 1839, ƙungiyar London Rowing Club ta kafu a 1856, Thames Rowing Club a 1860, suka gina gidajensu a gaɓar unguwar Putney. Da suka ga ɗan fito da lebura za su riƙa ba su kashi a bainar jama'a, sai suka zauna suka rubuta doka: duk mai cin abinci da ƙarfin hannunsa, makaniki ne ko mai sana'ar hannu ko lebura, ba shi da wuri a gasarsu. Wato ni mai zarto da guduma ko bakin ƙofa ba za a bar ni in taka ba. Har ta kai ma'aikata suka kafa tasu hukumar daban a 1890, kuma ba a haɗe ta da ta 'ya'yan manyan ba sai a 1956.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na wani birkila ne ɗan Filadelfiya, John B. Kelly, ɗan ƙungiyar Vesper. A 1920 ya nemi shiga tseren mutum ɗaya a Henley aka ƙi shi, saboda tsohuwar rigima da ke tsakanin masu gasar da ƙungiyarsa, ga kuma dokar nan ta aikin hannu. Cikin shekarar ya je gasar Olamfik a Antwerp ta Beljiyam, ya kayar da Jack Beresford, Baturen da ya ci wancan tseren na Henley, ya ƙara da wata zinariyar a jirgin mutum biyu, ya sake ɗaukar ta uku a 1924. Ɗansa ya je Henley a 1947 ya ciyo kofin da aka hana uban nema. Dokar ma ba ta faɗi don tausayi ba. Sai da aka hana 'yan wasan Ostireliya shiga a 1936 saboda 'yan sanda ne, abin ya zama abin kunya, sannan aka soke ta a 1937. Don haka in an ce wasan masu kuɗi ne, a ƙara da cewa daga hannun 'yan fito suka karɓe shi, suka kulle ƙofa.

Mu dawo gida. Accra ba ta taɓa samun tashar da babban jirgi zai matso ya jingina ba. Tun kafin Turawan Ingila su mai da ita hedkwata a 1877 har zuwa buɗe tashar Tema a 1962, jirage can nesa da gaɓa suke tsayawa su jefa anga. Duk abin da zai shiga ko ya fita, sai ta jiragen katako masu faɗin ciki da ake tuƙawa da hannu a ratsa igiyar ruwa. Takoradi ta samu tasharta a 1928, amma Accra ta ci gaba da wannan wahala fiye da shekara talatin bayan nan. Kowane jirgi matuƙa goma ne ko fiye, akasarinsu mutanen Ga, 'yan asalin Accra, da Fanti, suna zaune a kan bakin jirgin dama da hagu, kowa da filafili mai yatsu uku, shugabansu kuma a tsaye a baya da doguwar sanda mai faɗin kai yana saita hanya. Buhunan koko ta nan suka fita. Siminti da kwanon rufi da atamfa ta nan suka shigo. Fasinja a cikin wata kujerar katako ake zaunar da shi, a ɗaga da ƙugiya a sauke shi cikin jirgin da ruwa ke wasa da shi, ko gwamna ne. Mota ma sai a ɗaure jirgi biyu a ɗora ta.

Mu Hausawan garin nan akwai bashin mutanen nan a wuyanmu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar goro, fatake suka gangaro Kumasi da Accra, aka kuma gane cewa tura goro Ikko ta teku ya fi bin ƙasa da jakuna wata da watanni. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan fatauci daga Accra kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa. To kowane huhun goro da ya bar garin nan ya isa babban jirgi, wa ya ƙetarar da shi? Gidajen da attajiranmu suka gina, da masallatan da suka tsayar, da kujerun hajjin da suka biya, akwai gumin matuƙan nan a ciki.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yaron wani mai goro ne a ƙuruciyarsa. Aikinsa rakiyar kaya daga Zongo Lane zuwa bakin teku, ya ƙirga huhu a gaban magatakarda, ya tsaya har jirgin ya wuce inda ruwa ke karyewa, don goro ba ya shiri da ruwan gishiri, huhu ɗaya ya jiƙe maigida ya yi asara. Yakan ce duk aikin a idon na tsayen nan yake. Zai sa a dakata cak, yana waige yana ƙirga raƙuman ruwa, har ya hango giɓin da yake so. Tsawa ɗaya zai yi, filafilai su faɗa ruwa lokaci guda, waƙa ta tashi. In ya makara da ƙiftawar ido jirgi ya kife, kaya su tafi, wani lokacin a fito da mutum da karyayyar ƙafa, wani lokacin ba a fito da shi ba. Ya ce a kan kowane sawu ake biyan su, don haka ko ba a busa usur ba tsere suke yi daga safe har yamma. Ranar biki kuwa jiragen kamfanoni kan kara da juna da gangan, gari ya cika bakin ruwa, mata na guɗa, maza na caca a ɓoye. Shi da bai iya iyo ba har ya koma ga Allah, in ya fara ba da labarin nan sai ya miƙe tsaye yana kwatanta yadda na bayan ke karkatar da jiki.

Da aka buɗe Tema, cikin ɗan lokaci sana'ar ta mutu. Wasu suka koma su, wasu suka bi aiki Tema, jiragen suka ruɓe a kan yashi. Je ka Jamestown yau. Hasumiyar fitila tana nan da fentinta ja da fari, James Fort da aka gina a 1673 yana nan, Ussher Fort yana nan, ana kai baƙi ana ba su labari. Amma duk yawona a bakin ruwan ban ga ɗaki guda da za ka shiga ka tarar da jirgin matuƙan nan a kife, da filafilinsu mai yatsu uku, da sunayen shugabanninsu a bango ba. Mutanen Filadelfiya sun gina wa masu tuƙin nishaɗi gidan dutse. Mu waɗanda suka ɗauki arzikin ƙasa a kan filafili ko inuwar bukka ba mu bar musu ba.

Hannun dai bai mutu ba. Na yi shekaru ina haɗa wa matan Chorkor firam ɗin katako mai waya da suke jera kifi a kai su yi banda, don haka na san masuntan gaɓar nan daga Chorkor har Jamestown. Kwale-kwalensu daga itacen wawa ake sassaƙa shi can cikin kurmi, a ɗoro shi a babbar mota, kafintocin bakin ruwa su ƙara masa katakai ya yi zurfi, a yi masa fenti da suna da tuta. Inji ya shigo tun wajen 1960, amma fita da shiga ta inda ruwa ke karyewa har yau ilimin nan ne na kaka da kakanni. Yaro ɗan shekara goma sha biyu a Jamestown ya san karatun igiyar ruwa fiye da yadda na san karatun katako. An buɗe musu sabuwar tashar kamun kifi a 2024 da tallafin ƙasar Sin, bayan an rushe rumfunan jama'a a wurin a 2020. Tasha abu ne mai kyau, ban ƙi ta ba. Ta kifi ce dai, ba ta yara ba.

Ruwan kwance da ya kamata ya zame mana abin da Schuylkill ya zame musu shi ne tafkin Korle. Daga Sabon Zango tafiyar ƙafa ce. Dattawan da suka riski zamanin Malam Bako, wanda ya kafa unguwarmu, sun ce ana kama karfasa da ƙaguwa a ciki, mutanen Ga kuma suna girmama shi har yana da nasa wulomo mai kula da al'adunsa. Yau in ka hau gadar da ke kai ka asibitin Korle Bu sai ka toshe hanci. Kogin Odaw ya kwaso duk abin da Achimota da Alajo da Nima da Circle suka zubar ya juye a nan. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba zan ɗora wa gwamnati ita kaɗai ba, don babbar kwatar Nima ba baƙo ne ya cika ta da leda ba. An soma aikin farfaɗo da tafkin tun wajen 2000, an kashe kuɗi, an yashe, laka ta dawo. Daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum wajen 150 suka rasu, aka yi alkawura. A 2021 aka tashi 'yan albasa da 'yan gwangwan daga Agbogbloshie. Ruwan bai canza launi ba.

Dalilin, a nawa gani, shi ne Korle ba shi da mai magana da yawunsa. Waɗanda ke kwana a gefensa a Old Fadama talakawa ne da ba su da takardar fili, kullum cikin fargabar rusau suke, wa zai saurare su? Masu faɗa a ji kuwa gilashi suke ɗagawa su wuce. Thames ma ya taɓa lalacewa. A 1858 warinsa ya addabi 'yan majalisa a zaurensu har aka gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, a 1957 kuma masana suka ce babu sauran abu mai rai a wani sashensa. Yau kifi ya dawo. A 2024 da aka gargaɗi 'yan tseren Oxford da Cambridge kada su faɗa ruwan saboda ƙwayoyin cuta daga najasa, duniya duka ta ji labari, don akwai 'ya'yan mutane a kan ruwan. Kogin da ake hawa kullum yana da masu tsaya masa.

Ban ce gobe a zuba yara a Korle ba, Allah ya kiyaye. Akwai bakin kogin Densu wajen Bojo, akwai Ada inda kogin Volta ke shiga teku, akwai tafkin da madatsar Akosombo ta tara tun 1965. Sannan ga ita kanta tekun.

A nan sai na juyo kan 'yan uwana na zango, don mu ma muna da namu. Mun tashi iyayenmu mata suna hana mu ruwa, mu ma muka hana namu. Sakamakon shi ne duk Sallah yara su sulale su tafi bakin teku a La ko Korle Gonno ba wanda ya iya iyo a cikinsu, iyaye na gida hankali a tashe har magariba. Hani bai taɓa hana su zuwa ba, iyon kawai ya hana su koya. A watan Mayun 2023 'yan makaranta tara suka nitse a Faana kusa da Bortianor, kwale-kwale ya kife da su suna dawowa gida. Malamanmu kan kawo maganar da ake dangantawa da Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Muna jin ta a wa'azi, mu gyaɗa kai, mu tashi. Kuma kada wani ya ce Bahaushe baƙon ruwa ne. A Argungu tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, da tseren kwale-kwale da na iyo a ciki. Yawuri na da Rigata. Sarkawa da Sarkin Ruwa ba jiya aka san su ba. A nan Ghana ma Elmina na yin tsere a tafkin Benya lokacin bikin Bakatue a watan Yuli, 'yan uwanmu na Kumasi kuma sun san masuntan tafkin Bosomtwe da ke hawa guntun katako su tuƙa da tafin hannu. Illar ita ce duk waɗannan na rana ɗaya ne a shekara. Biki ya watse, kowa ya koma gida, babu ɗakin da yaro zai je washegari a ce masa riƙe nan, zauna haka.

Wanda ke shakkar abin da rumfa ɗaya za ta iya yi, ya taka zuwa Bukom, 'yan taku kaɗan daga inda jiragen nan suke sauke kaya a da. Wuraren koyon damben da ke can yawancinsu rumfuna ne da tsakar gida, buhun yashi a rataye, igiya a zagaye. Daga irin waɗannan wurare na tsohuwar Accra D.K. Poison ya fito ya zama zakaran duniya a 1975, Azumah Nelson a 1984, Ike Quartey a 1994, Samuel Takyi kuma ya ciyo tagulla a Olamfik ta Tokyo. Unguwar masunta ce. Abin da dambe ya samu a wurin shi ne wuri tsayayye da tsohon hannu mai koyarwa, kullum, ba sai ranar biki ba.

Ga kuma wata dama da ta zo har ƙofar gida. Tseren da aka saba a Olamfik mita 2,000 ne a ruwa kwance, mutum na zaune ya ba gaba baya a kan kujera mai zamewa, ƙafa ce ke yin yawancin aikin. Wannan yana son dogon ruwa mai santsi da jirage masu tsadar gaske. Amma an amince da sabon salo a gasar Los Angeles ta 2028, na bakin teku. Ɗan wasa zai sheƙo da gudu a kan yashi, ya faɗa jirgi, ya ratsa igiyar ruwa mita 250 yana kewaya alamomi, ya juyo, ya bar raƙumin ruwa ya turo shi gaɓa, ya dire ya sake sheƙawa. Da ɗana ya nuna mini a waya, dariya na yi, don wannan shi ne abin da mahaifina ke miƙewa yana kwatantawa. Gaskiya ne salon tuƙin ya bambanta, namu gaba suke fuskanta da filafili ɗaya, sai an koya musu na biyun. Amma sanin lokacin da za a jira da lokacin da za a afka, wanda shi ne mai wuyar, da shi aka haife su. Baƙar fata kuma ya riga ya ci zinariya a tuƙi: Sizwe Ndlovu na Afirka ta Kudu, a jirgin mutum huɗu, Landan, 2012.

Abin da nake nema bai kai gidan dutse ba. Ɗaki ne dogo na bulo a bakin ruwa, ƙofa mai faɗi, rufin alminiyom don kwano ba ya shekara biyu a iskar gishiri, ƙusoshi waɗanda ba sa tsatsa, katakan jingina jirgi, famfo ɗaya, rigunan ceto, da ɗan ɗaki na daban ga 'yan mata, don su ma a sa su, da suturarsu cikakkiya. Matan Filadelfiya tun 1938 suka kafa tasu ƙungiyar a jerin nan. Asusun raya zanguna da aka kafa a 2017 ya shimfiɗa filayen ƙwallo na roba a unguwanni, yara suna jin daɗinsu. A lissafina na kafinta, ɗakin da nake faɗa bai kai ɗaya daga cikinsu kuɗi ba. Sharaɗi biyu kawai zan kafa. Takardar filin ta kasance da sunan ƙungiya, da hannun woleiatse, shugaban masunta, da na sarakunan zango a kai, kada ta zama ta ɗan siyasar da zai faɗi zaɓe ɗakin ya koma shagon sayar da taya. Na biyu, kada a sa kuɗin shiga da zai kori ɗan masunci da ɗan mai waakye. In aka yi haka an dawo da dokar Henley ta ƙofar baya, an kuma kori waɗanda suka fi kowa iyawa. Darasin farko kuma iyo ne, kafin yaro ya taɓa filafili.

Kafin a kai ga gini akwai abin da jaridarka za ta iya yi ba da ko sisin gwamnati ba. Saurayin da ya yi tuƙin nan yana ɗan shekara ashirin lokacin da aka buɗe Tema, yau ya haura tamanin. 'Yan kaɗan ne suka rage, suna zaune a gindin bango a Jamestown da Chorkor. Ka turo wakilinka da na'urar ɗaukar magana ya ji daga bakinsu yadda ake ƙirga ruwa, da waƙoƙin da suke yi, da nawa ake biyan sawu, da sunayen shugabannin jiragen da suka yi fice. Ya zo ranar Talata, ranar da masunta ba sa fita teku, zai same su a zaune. In bai jin Ga ni zan yi masa tafinta, ya neme ni a Sabon Zango bayan sallar asuba mu gangara tare kafin rana ta yi zafi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon kafinta,
Sabon Zango, Accra